Zuwa ga Lawali, wanda na ce ya tafi Tarka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan rahamar Allah tana isa gare ka inda kake kwance, ya Lawali ɗan kawuna, taubashina. Ni ne Haru. Ina nan Tanut, a gidan da ka sani. Katangar gabas ta zube an sake ta da siminti, ni ne dai ba a samu abin sake ni da shi ba.

Jikata Hadiza ce ke rubuta wannan a wayarta, don idona ya daina aiki da ƙananan baƙaƙe. Ta ce mutane da yawa za su karanta. Na ce su karanta. Abin da na kasa faɗa wa mutum ɗaya yana raye, hukuncina ke nan in faɗe shi gaban jama'a.

Tele ce, wato talabijin, ta tayar da maganar. Akwai wani ɗan wasan ban dariya da ake nunawa bayan azahar, na wata ƙasa can, a gidan likitan dabbobi. Karnuka ne da kyanwoyi, da wani likita mai ruɗewa. Ba wanda ke kallonsa. Da ya fara, jikoki sai su watse, ni kaɗai a kan tabarma. Ba ya ba ni dariya sosai, gaskiya. Ina zama ne don kada a bar shi shi kaɗai. Ran nan Hadiza ta tarar da ni ina share ido, ta ɗauka wata kyanwa ce ta mutu a wasan.

Naka wasan ya fi nasu, Lawali. Ban taɓa faɗa maka ba.

Ka tuna shekarun nan bayan samun 'yancin kai, lokacin allurar bushiya, ciwon nan da ke share garke ya bar makiyayi da sanda. Na dawo daga karatu a Damagaram, an ba ni farar riga da akwatin allura, ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro saniya. Kai kuwa baduku, kana rumfarka bayan kasuwa kana ɗinkin takalma.

Fitata ta farko garin Gangara na je. Makiyayi ba ya barin baƙo ya tunkari ɗan maraƙi sai ya kira uwar da sunanta, ya dafa ta, ta kwantar da rai. Tsohon da ke da garken ya ɗaga mini hannu in dakata. Ni mai takarda, ina ruwana da hannun tsoho. Na nufi maraƙin kai tsaye, riga tana kaɗawa. Uwarsa, jar saniyar nan mai ƙaho kamar rassan gawo ta sunkuyar da kai. Ban san lokacin da na hau aduwa ba. Aduwa fa, da ƙayarta duka. Ina sama, allura a hannu, ina ba da umurni da Faransanci, saniya tana ƙasa tana jirana, ita da ba ta taɓa shiga ajin lakwal ba.

Ni da bakina na ba ka labarin, muna cin tuwo a ɗakin innata, gwaggonka. Ka ajiye loma, ka dube ni, ka ce: Haru, Allah ya ciyar da ni yau.

Ranar kasuwa ta gaba, bayan la'asar, ka tara samarin unguwa a filin da ke gaban rumfarka. Ka ɗinka farar riga da buhun gari, ka yi allura da gora mai tsawon kamu biyu, ka sa mutum biyu a ƙarƙashin jar tabarma da ƙahoni. Turmi ne tebur ɗin likita. Aduwar filin kuwa ba ta buƙaci a ɗinka ta ba.

Kowace kasuwa da sabon maras lafiya. Tsohuwa ta kawo zakaran da ya daina cara tun da aka sayo rediyo a gidan. Buzu ya kawo raƙumin da ba ya durƙusawa sai an yi masa kirari. Wata ta kawo akuyar da ta cinye takardar maganinta, likita ya ce to ai ta sha ke nan. Kuma ko da me aka fara, a kan aduwa ake ƙarewa, kana lilo da ƙafa kana cewa: ku kwantar da hankalinku, komai yana hannuna. Har tafiyata ka ɗauke, da yadda nake gyara wuyan riga kafin in yi ƙarya.

Mutanen Falanko suna kwana a hanya don su gani. Abin da ban yarda da shi ba a lokacin, yanzu na yarda: wasanka ya yi mini rabin aiki. Makiyayan da ke gudu da garke in sun hango motarmu, su ne suka riƙa tsayawa, don su ga likitan aduwa ido da ido. Suna dariya, ina yin allura, ina yanka alama a kunne. Shanu da yawa sun rayu a kan dariyar nan.

Amma ni ina ƙuna a ciki. Kuma ka san ba ni da bakin magana. Taubashi ne kai. Tun muna yara kana ce mini bawanka ina ce maka nawa, ka ɗauke mini hula a gaban surukai, in zuba maka ƙasa a fura. Wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ne abin dariya na biyu. Da na kai ƙara wurin kawu, cewa ya yi: to kai ma ka yi masa mana. Ni kuwa ban iya ba. Sai na riƙa tsayawa a bayan taro ina yaƙe, ina tafi da hannu kamar kowa.

Sai ga wani baƙo daga Yamai, farkon damina. Motar sarwis ɗinmu, wato ma'aikatar dabbobi, ita ce ta ɗauko shi daga Damagaram, da akwatuna da na'urar ɗaukar hoto mai motsi. Ya ce an fara wani abu wai shi talabijin, ana nuna wa 'yan makaranta a can, kuma suna neman wasannin ƙauye da za su ɗauka. Tun a hanya aka ba shi labarin wani baduku a Tanut mai wasan likitan dabbobi. Kwana biyu gare shi. Ni aka haɗa shi da ni, don ni ke jin Faransanci.

Muna tsaye a ƙofar buro, ofishinmu. Daga nan, in iska ta juyo, ana jin bugun gudumarka a kan fata. Na ga kaina a kan aduwa a Yamai, gaban manyan da suka ba ni farar riga, gaban yaran da ban sani ba. Na gyara wuyan riga. Na ce masa ka bi dabbobin babanka zuwa kwarin Tarka, kai da samarinka, ba ku dawowa sai kaka.

Ya ce kaico. Na ce kaico. Na kai shi rijiya ya ɗauki hoton shanu suna shan ruwa, kwana biyu cur, na bi da shi ta hanyar da ba ta ratsa kasuwa. Na ce wa raina ai ba wani abu ba ne, wasa ne kawai, wa zai tuna.

Na manta direban motarmu yana gyaran takalmi a wurinka. Shi ya kai maka labari.

Na jira ka zo ka zage ni. Na jira ka sa abin a wasa, likita a kan aduwa yana rantsuwa cewa kowa ya tafi Tarka. Da ka yi haka, da garin ya yi dariya, da ni ma na yi, da an wuce wurin. Ba ka yi ba. Washegari na biyo ta rumfarka, ka miƙe tsaye, ka cire abin da ke cinyarka, ka ce: barka da zuwa, Malam Haru, ina gajiya.

Malam Haru. Kai da ba ka taɓa kirana da abin da ya wuce bawana ko ɗan aduwa ba.

Kasuwar da ta biyo, likitanka bai hau bishiya ba. Ya yi allurarsa daidai, ya wanke hannu, ya tafi gida. Mutane suka tsaya suna jira, suka ga ba ƙari, suka watse. Ka yi haka sau uku ko huɗu, sannan ka mayar da buhun gari ya koma buhu. Da aka tambaye ka, sai ka ce likita ya girma.

Daga ranar har Allah ya karɓe ka, ba ka ƙara taɓa hulata ba. Ka zo sunan 'ya'yana, ka yi mini gaisuwar mutuwar inna, ka ɗinka mini takalma masu kyau. Ba ka rage ni da komai ba sai abu ɗaya. Innata ta lura tun da wuri, ta ce: me ka yi wa Lawali yake girmama ka haka? Na ce ba komai. Ita ma na gyara mata wuyan riga.

Sau nawa na taso don in faɗa maka. In na iso, sai ka shimfiɗa mini buzu da ladabi, in gaishe ka in koma da maganata. Ranar da aka ɗauke ka, ina cikin masu riƙe makara, ina ta cewa a zuci: yanzu zai leƙo ya ce bawana, riƙe da kyau. Ba ka leƙo ba.

Ban san ko baƙon nan zai ɗauki wasanka ya zama wani abu ba. Wataƙila da an nuna sau ɗaya an manta, kamar wannan na kyanwoyi. Amma da akwai shi a wani akwati, da Hadiza ta nemo mini a wayarta, in ga ƙafarka tana lilo. Ni na hana kaina wannan, na hana 'ya'yanka, na hana garin.

Jiya na tara jikokina da naka a tsakar gida bayan la'asar. Na sa farin zanen gado, na ɗauki muciya a matsayin allura. Aduwa ta fi ƙarfina yanzu, turmi na hau, mutum biyu suna riƙe da ni. Na ce ku kwantar da hankalinku, komai yana hannuna. Sun yi dariya har ƙaramar jikarka ta faɗi. Da ta tashi ta nuna ni da yatsa ta ce: tsohon nan ba shi da hankali. Lawali, shekara nawa rabon da wani na jininka ya zage ni. Na ji kamar an sauke mini kaya.

Ka yafe mini, ɗan kawu. Ba ka tafi Tarka ba. Kana nan bayan kasuwa, ina jin gudumarka.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi, ya gafarta maka, ya gafarta wa wanda ya yi maka ƙarya. In ya ƙaddara mu haɗu a gidan rahama, roƙona ɗaya: kada ka miƙe mini tsaye. Ka zauna inda kake, ka miƙo hannu ka ɗauke hular.

Wassalam.

Naka, ko ka ce bawanka, yau ban musa ba,
Haru ɗan aduwa, Tanut.