Wuyan Baba Yana Jiran Jinin 'Yan'uwansa

Malama Hellen, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Babana ya daɗe yana cikin mawaƙan majami'armu a Zonkwa, amma bana ko Ista bai je sujada ba. Wani abu ne ya fito masa a ƙeya da wuya da kafaɗu, dama da hagu daidai wa daida, ba zafi, sai girma. Da fari an ce maƙoƙo ne. Aka yi masa tsaga, aka sa ƙaho, ba abin da ya fito. Yanzu ko a zafin Maris da mayafi yake rufe wuya, in ya kwanta numfashinsa kamar ana shaƙe shi.

Likitan mishan ya tura mu Zariya. Can aka yanki kaɗan aka auna, aka ce kitse ne, ba ciwon daji ba, kuma za a yi aiki kafin Kirsimeti in an sami mutum biyu su ba da jini. Ni an ce shekaruna ba su kai ba. Yayana Meshak da ƙanen Baba, Silvanus, sun ƙi. Wai wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara iya riƙe garma, ga haƙar citta ta zo. Baba ya ce a bar shi, kada a kashe gida saboda tsoho. Littafin waƙoƙinsa ma ya ba ni in ajiye. Yaya zan yi?

Ɗiya mai kuka a zuci, Zonkwa

Ɗiyata, wasiƙarki ta taɓa ni ƙwarai. Na kai ta wurin wani likita a nan Kafanchan, ya ce ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, kuma fitowarsa ta gefe biyu daidai ita ce alamarsa. Aikin yana cin jini, kitsen kuma yakan dawo, amma barinsa a maƙogwaro ya fi haɗari. In Baba yana taɓa burkutu, dole ya rabu da ita.

Kada ki ɗauki Meshak da Silvanus marasa tausayi. Tsoro suke ji, cittar nan kuwa ita ce abincin gidanku. Sai dai jinin da aka ɗiba jiki yana mayar da shi cikin makonni kaɗan. Ni kaina na ba da sau biyu, washegari ina gaban allo.

Ke ƙarama ce, ba za su ji daga bakinki ba. Je wurin fasto, ki roƙe shi ya sa matasan ikilisiya su yi muku gayya a gonar citta, a kuma nemo wanda ya taɓa ba da jini ya zauna da Meshak da Silvanus. In gona ta sami hannu, hujja ta ƙare.

Littafin nan kuwa, mayar masa yau. Ki ce ajiyar ta yi miki nauyi. Ubangiji ya ba shi lafiya, ya kwantar miki da hankali.

Malama Hellen