Kukan da Na Ɗauke Miki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna mai tuwo ta Kasuwar Shanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san takarda ba ta isa inda kike. Masu bibiyata a waya ne za su karanta ta, kuma na san tun yanzu wasunsu sun gyara zama suna jiran inda abin dariyar yake. Su yi ta jira.

Kin tuna Larabar da wani bijimi ya tsinke igiya ya bi ta rumfarki, ya kifar da tukunyar miyar kuɓewa tun ba ki sayar da ko malmala ɗaya ba? Kika zauna daɓas a ƙasa, kika ɗora hannu biyu a ka, kika ja numfashi sau uku kamar injin markaɗe zai tashi, sannan kukan ya fito siriri yana karyewa a tsakiya. Shekarata goma sha biyu lokacin. Da muka koma gida na kwaikwaye ki a tsakar gida, kowa ya yi ta dariya, har da ke, kina jifana da takalmi.

Da wannan kukan na fara a gidajen biki. Da shi na tafi Kano, na tsaya ni kaɗai a gaban taro ina ba mutane dariya. Shi ya samo mini fitowa a talabijin a matsayin tsohuwa mai saurin hawaye. Duk ranar da barkwancina ya ƙi ci, sai in ɗora hannu a ka, kafin numfashi na biyu wurin ya ɗauka.

Ban taɓa faɗin sunanki ba, da wannan nake kare kaina. Amma wa zai gaya wa mutanen Potiskum kukan wace ce? Direbobin tirela da masu lodin shanu suka mai da shi gaisuwa, in sun miƙo kwano sai su ce ki yi musu irin na talabijin. Kina zuba musu miya kina murmushi. Ni kuwa in labarin ya iso mini sai in ji daɗi, wai na ɗaukaka ki.

Ranar da Baba ya rasu ba ki yi kuka a gaban kowa ba. Matan unguwa suka yi ta gulmar taurin zuciyarki. Ni na leƙa ɗaki na same ki kin cusa bakin zane a baki, kina kuka ba sauti. Da kika gan ni kika ce, “Kaltume, ki bar mini kukana. Shi kaɗai ne ban taɓa kaiwa kasuwa ba.” Na ce to. Bayan kwana arba'in na koma Kano na ci gaba, don in ban yi shi ba ba a tafa mini.

Ina wurin ɗaukar shiri aka kira ni cewa kin cika. Kafin mu wuce Azare an kai ki. Na shiga gida na tarar da mata cike da tabarmi, ga tukwanenki a kife a gindin bango, ga muciyarki a jingine. Na zauna daɓas a ƙasa. Wallahi, Inna, ban san lokacin da hannuna ya hau kaina ba. Numfashin ya zo sau uku, kukan ya fito siriri, ya karye a tsakiya.

Wata ta fara tuntsirewa da dariya ta rufe baki da hijabi. Ta kusa da ita ta ɗauka. Wata budurwa ta ɗaga waya. Gwaggo Hauwa, ƙanwarki, ta fizgo ni ta ce, “Ki ji tsoron Allah, yau ma wasan za ki yi mana?”

Bidiyon ya zaga ko'ina. Wasu suka tsine mini, wasu suka rubuta cewa ban taɓa yin wanda ya kai wannan ba. Na fi jin zafin masu yabon. Ina jin haushinsu duka, har da matan da suka ci tuwonki shekara da shekaru suka kasa riƙe dariya na minti biyu. Amma ni na koya musu, shekara goma sha biyar ina koya musu.

Yau wata bakwai ko ɗigon hawaye bai zo mini ba. Mai shirya wasan ya kira sau uku, na ce ya nemi wata tsohuwar. Na mayar miki da abinki, Inna, a lokacin da ba ki da bukatarsa. Sai yanzu na gane ba ni da wani kukan, naki na gada.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Ban roƙe ki gafara kina raye ba, Allah ya sa kin yafe mini ban sani ba. Ni kuma ya ba ni rana ɗaya da zan yi miki kuka wani ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri.

'Yarki,
Kaltume