Ruwan Daɓenmu a Ƙofar Zekiye

Erzurum, tsakiyar sanyi.

Zuwa ga autana Hayrettin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Gulizar da yara. Allah ya tsare ku a ƙasar mutane, ya sa wa aikinka albarka. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai gajiya. Ƙugun babanka ya ɗan saki, yana takawa da sanda.

Maganar daɓen kankaren nan ce, mai wayoyin lantarki masu ɗumama shi a ciki, wanda ka shimfiɗa mana daga ƙofar gida zuwa bakin titi kafin ka koma Kanada. Aiki kam yana yi. Dusar ƙanƙara na sauka tana narkewa, babanka ya koma sallar jam'i, har yana yi wa abokansa gori wai shi kaɗai bazara ta kwana a ƙofarsa. Karnukan unguwa ma sun gane wurin, kullum suna miƙe a kai. Babanka cewa yake wai duk karatun da ka yi, masaukin karnuka ka gina.

To amma ɗana, ruwa gangare yake bi. Abin da ya narke a namu yakan sulale ya daskare a matakalar Zekiye, maƙwabciyarmu ta ƙasa, ya zama kamar gilashi. Na yi ta zuba toka da gishiri, ina fasawa da shebur har bayana ya daina miƙewa, sanyi kuma ya fi ni sauri. Ranar Talata ta fito sayen burodi ta zame, hannu ya karye. Da na kai mata miya sai ta ce wai in daina wannan fuskar makoki, tsufa ne ya yi mata ƙafa. Ta matsa in sha shayi, tana fasa mini sukari da hannu ɗaya.

Na tuna wa babanka abin da aka karantar da mu kan haƙƙin maƙwabci. Ya yi faɗa sosai, wai ni da kai mun nuna masa hanyar masallaci ne don mu ƙwace. Daga baya ya tashi da kansa ya kashe makunnin daɓen.

Kada ranka ya ɓaci, garin gyaran gira ne aka taɓa ido. Ka duba mana yadda ɗumin zai raka ruwan har cikin kwata, ka yi wa Sabri magini bayani. Shi dai Sabri ya ce ba a zuba kankare sai ƙasa ta saki, wato sai bazara.

Ka gaida Gulizar, ka shafa mini kan Nesrin da Tayfun. Yayarka Muazzez na gaisuwa, Zekiye ma haka. Babanka na sa maka albarka. Ga shi can bakin taga: an kira la'asar, ya sa hula, ya ɗauki sanda, ya leƙa waje, ya koma ya zauna.

Wassalam. Mahaifiyarka,
Nurhayat