Ranar Masu Saƙa a Al Qusais

Assalamu alaikum, Malam. Na san ba karantawa za ka yi ba. Ko da ranka ma sai ka yi ta laluben tabarau. To ga kacici-kacici irin wanda na saba kayar da kai da shi: wace ce ta shekara arba'in a bakin rijiya, ta tashi da ƙishirwa?

Ina Dubai, a unguwar Al Qusais, wajen ɗanka Sani. Shagonsa na kasuwar Naif ya bunƙasa. Ka san me yake aikawa gida? Tabarmin roba, kwantena guda.

Muna da maƙwabciya, Lina, daga wasu tsibirai da ake kira Marshall. Wai teku ne ke cin ƙasarsu kaɗan-kaɗan. Juma'ar nan ta gayyace mu bikin al'adarsu, Manit suke ce masa. A can, wai har gwamnati hutu take bayarwa. Na ɗaura ɗankwalina na tafi cin banza. Me zan gani? Mata sun baje a falo suna saƙa ganyen kwakwa, ana tafa musu kamar 'yan ƙwallo. Malam, hutu guda saboda saƙa!

Jikarka Ummi ta zauna cikinsu har ta haɗa ɗan kwando karkatacce. Sai ta tambayi ubanta ko mu ma muna da abin da muke saƙawa. Ya ce mata mu 'yan kasuwa ne tun asali. Ko idonsa bai ƙifta ba.

Zan zage shi? Wa ya koya masa? Ni ce nake kaɗa shi daga gindinka duk ranar da ka jiƙa kaba. Ni ce na ce ɗana ba zai ƙare da tsagaggun yatsu ba. In baƙi sun zo, ni nake tura tabarminka bayan ɗaki, ina ce musu kai malami ne kawai. Kana ji, kai ta murmushi. Me ya hana ka yi mini faɗa ko sau ɗaya?

Na ce wa Ummi kakanta ya fi su duka. Ta miƙo mini ganye in nuna mata yadda kake farawa. Na juya shi, na sake juyawa. Lina ce ta karɓa, cikin tausayi, ta fara mini.

Amsar kacici-kacicin ni ce.

Allah ya kai haske kabarinka. Ka yafe mini.

Taka mai tsiya,
Dije