Lasin Babur Mai Kujera a Gefe

Kaduna, 1956

Yaya Dawuda,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Ya mutanen Ƙofa?

Za a ba masinjan ofishinmu babur, ni kuma ina son aikin, amma sai mai lasin. Lasin iri biyu ne, na ƙaramin babur da na babba mai kujera a gefe. Kowa ya ce sabon shiga ƙarami yake ɗauka. Na ƙi, don ina son wata rana in kai Inna asibitin Kankiya cikin kujera, ba bisa jaki ba.

Jiya wajen koyo na ja hannun babur baya kamar linzami, ina ce mashi ya tsaya. Bai tsaya ba. Gwiwa ce kawai na gurje, kada ka gaya wa Inna.

Litinin gwaji. In ban ci ba, wani za a ba aikin. Na kasa zama wuri ɗaya. Ku sa ni a addu'a, kuma kada ku sayar da jakin tukuna.

Ƙanenka,
Nata'ala