Godiyar da ba ta isa ba

Laraba da dare, Ƙauran Namoda

Yau na yi magana da tsohuwar da ke jinyar ɗana Bashir a ƙasar Sabiya. Tun da ya karye a wajen ƙwallo ita ke kai masa abinci asibiti, har ta tambayi abin da Musulmi ba ya ci. Maƙwabciyarsa ce kawai.

Bashir ya koya mini "hvala", wai na gode ke nan. Yini na yi ina maimaitawa a tasha. Da ya miƙa mata waya na faɗa, na sake faɗa. Ta yi dariya ta ce, "Nema na čemu."

"Baba, wai ba komai," in ji Bashir.

Ba komai? Da a nan ne, da ni da ƙannena mun je har ƙofar gidanta, washegari uwarsa ta bi tare da wasu mata da ƙwaryar gero. Na ce ya gaya mata Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Ya ce bai iya yaren har can ba.

Ɗa ta riƙe mini, ni kuwa kalma ɗaya na iya ba ta.