Odinater ɗin Baba

Litinin, 5 ga Mayu 2025
Mun buɗe akwatin marigayi Baba. Ƙarƙashin littattafan lakwal, makarantar bokon da ya koyar, na tarar da odinater ɗin nan, kwamfutar da wani Bafaranshe ya bar masa tun ina goye. Baƙa ce, faɗinta kamar faranti, maɓallanta na roba masu laushi. Ba ta da fuska, sai an haɗa ta da tele. Ga kaset biyu da rakodarsu, ga wani alƙalami mai waya a gindi.

Laraba, 7 ga Mayu
Wani Ukasha ya zo daga Guci, mai gyaran rediyo. Wai ɗalibin Baba ne a nan Magariya, har yanzu “mushe” yake ce masa, yadda ake kiran malamin lakwal. Bai gama ta'aziyya ba ya tambayi na'urar. Wa ya faɗa masa? Kwana biyu kacal aka yi da buɗe akwatin.

Alhamis, 8 ga Mayu
Gwaggo Hajja ta ce irin waɗannan tsofaffin kaya akwai jan ruwa a cikinsu, shi masu tsibbu ke nema, har ƙetaren iyaka ake kai shi. Ban yarda ba. Amma na mayar da ita ɗakina.

Lahadi, 11 ga Mayu
Ukasha ya dawo da turnebis na kwance kusoshi da tsohuwar tele a bayan moto, babur ɗinsa. Na ce in zai buɗe, to a gabana. Na zauna na zuba wa hannunsa ido. Jan ruwa dai babu. Koren allo ne da ƙura da gawar kyankyaso. Ya sauya wani ɗan abu da ya kumbura. Ladabinsa ya yi yawa, shi ke damuna.

Asabar, 17 ga Mayu
Babu kuran, wutar lantarki, yini guda. Ya zauna a zaure har la'asar, ya tafi. Mutum ya bar rumfarsa saboda wannan? Akwai dai abin da yake nema.

Lahadi, 18 ga Mayu
Ta kama. Kaset ɗin ba waƙa ba ce, ƙara take kamar gyare, kusan minti biyar. Sai rubutu ya fito, fari a kan shuɗi, da Hausa: YAYA SUNANKA? Baba ne ya tsara shi, wasan lissafi. Ana taɓa amsa a fuskar tele da alƙalamin nan.

Da gangan Ukasha ya taɓa kuskure. Tele ta rubuta: A HANKALI, BA A KORE KA BA.

Maganar Baba ce, haka yake ce mana in muna rawar baki. Ukasha ya juya wajen bango ya daɗe. Daga baya ya ce, “Ɗiyar mushe, ni sau uku ina faɗuwa jarrabawa. Wannan kaɗai ba ta taɓa yi mini dariya ba.”

Mutum yana iya yin hawaye kuma yana da nufinsa.

Laraba, 21 ga Mayu
Kaset ta biyu ta ƙi karantuwa. Ya ce kan rakodar ne, kayan aikin kuma suna Guci. Gwaggo ta ce in na'urar ta fita gidan nan ta fita ke nan.

Na naɗe ta a zanena sabo don kada hanya ta jijjiga ta. Don na'urar na yi, ba don shi ba. Na ce ya dawo da ita ranar Juma'a.

Sai da ƙarar moto ta ɓace na tuna ban ce masa wace Juma'a ba.